Fararen Garkuwoyin Madugu Cindo

A zamanin Sarki Ranau na Birnin Dagura, shekarar da mayaƙan Zangari suka ƙetare kogi suka ƙone ƙauyukan gabas, aka buga tambari aka ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya. Masu sarauta da 'ya'yansu su ne barade, sarki ke ba su doki da sulke. Talaka kuwa dakare ne, a ƙasa yake yaƙi, kuma dokar Dagura tun kaka da kakanni ita ce dakare shi ke sayen garkuwarsa da guminsa.

Garkuwar kirki ita ce ta fatar warwaji, wata dabbar hamada mai dogayen ƙahoni. Fara ce, ba ta da nauyi, kuma kibiya ba ta huda ta. A da can, duk mai sayar da ita sai ya yi abin da ake kira gwajin kibiya. Mai saye ya zaɓi wadda yake so, mai sayarwa ya tsuguna a bayanta a tsakiyar kasuwa, a harba masa kibiya ɗaya. In ya tashi lafiya, sai a yi ciniki. Muddin ana wannan gwaji ba a taɓa jin an cuci dakare ba. Amma da Madugu Cindo ya fara kawo wa fada dawakan arewa, sai sarki ya ba gidansa cinikin garkuwa shi kaɗai, ya kuma ɗauke masa gwaji, wai bai dace babban mutum ya tsuguna a gaban jama'a ba. Ƙananan masu sayar da garkuwa suka koma sayar da takalma da guga.

Mai kula da ciniki a birnin shi ne Sarkin Kasuwa Nomau. Shi ke duba mudu da awo, shi ke raba rigimar mai saye da mai sayarwa, kuma abin da ya faɗa a kasuwa ba a ja da shi, don ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. 'Ya'ya da yawa ya binne suna ƙanana. Namiji ɗaya Allah ya bar masa, Anaruwa, magidanci mai mata da tsohon ciki, kuma shi ne gidan zai bayar.

Ran da ruwan farko ya sauka, da hantsi, Nomau ya fito tsakar gida ya ga farin ruwa yana gangarowa daga jikin bango kamar an zubar da nono. Ya bi shi da ido har inda Anaruwa ya jingine sabuwar garkuwarsa. Ya sa farce ya kankare gefenta. Alli ne aka kwaɓa da ƙaro aka shafe, ƙarƙashinsa kuwa jar fatar sa ce, har ta fara laushi tana wari. Ya ɗauko baka ya ja da baya ya harba. Kibiya ta wuce ta ciki ta kafe a bango.

 Ya shiga gidajen maƙwabta yana cewa a ba shi garkuwa ya sa mata albarka, yana ɗan shafa mata ruwa a gefe. Duk iri ɗaya ne. Ya san mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Ya san wanda ya sayar da akuyarsa, da wanda ya taɓa irin shukarsa, da wadda ta kai tasoshin aurenta kasuwa don ɗanta ya tsaya a bayan abu mai ƙarfi.

Washegari majalisa ta cika. Nomau ya shiga da garkuwar a naɗe cikin tabarma, ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarkin Fada ya ce, "Sarki ya gaishe ka, Sarkin Kasuwa. Me ka zo da shi, ana maganar yaƙi?"

Nomau ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, maganar yaƙin na zo da ita." Ya kwance tabarma, ya ɗaga garkuwar yadda haske zai ratsa ta ramin kibiya. "Zaki, wannan ita ce talakawanka suka saya da sunan warwaji. Fatar sa ce da alli. Ba ɗaya na duba ba, ba biyu ba. In aka fita da waɗannan, 'ya'yan mutane tsirara za su tsaya a gaban maharban Zangari. Ina roƙon abu biyu. A mayar da gwajin kibiya yau ɗin nan. A kuma buɗe rumbunan Madugu, a fito da na gaskiya a musanya wa mutane."

 Madugu Cindo yana zaune kusa da Galadima, wurin da ba ɗan kasuwar da ya taɓa zama kafinsa. Ya gyara rawaninsa ya yi murmushi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na ɗauka Sarkin Kasuwa aikinsa awon gero da raba faɗan masu daddawa. Ashe ya zama maharbi ban sani ba."

Wasu fadawa suka yi dariya. Nomau ya ce, "Hannuna rawa yake yi, Madugu, idona ma ya fara hazo. In kibiyata ta huda ta, yaya ta saurayin Zangari?"

Madugu ya juya ga sarki. "Zaki, ni ban san fata ba, ba ni nake jima ba. Barorina ke saye a arewa, wasu su yanka, wasu su ɗinka, wasu su kai kasuwa. In an samu ɓatacciya a ciki, a nuna mini baran da ya yi, in ba da shi a yanka. Amma a ce in tsuguna a kasuwa kamar ɓarawon kaza? Ni da raƙumana suka ƙetare hamada suka kawo dokin da ke ɗaure a ƙofar nan? Gida nawa ke ci a ƙarƙashina a birnin nan? In Dagura ta gaji da ni, ba faɗa. Akwai biranen da ke aiko mini da goro kowace shekara suna roƙon ayarina ya sauka a wurinsu."

Kowa ya san birnin da yake nufi, ba wanda ya ambata.

Galadima ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, maganar Sarkin Kasuwa tana da nauyi. Amma doki shi ne yaƙi. Ranar da ayarin nan ya juya gabas, barade sun zama dakaru."

Nomau ya dubi Madawaki Barau, shugaban mayaƙa, wanda suka yi wasan ƙasa tare suna yara. Ya ce, "Madawaki, kai za ka jera su. Ka yi magana."

 Madawaki ya ce, "Zaki, na ga ramin nan, ban ƙaryata idona ba. Amma mutanen Zangari suna bakin kogi. In wannan magana ta fita ƙofar fada, gobe ba zan samu dakare ko ɗaya a fili ba. Kowa zai koma gida ya ce a mayar masa da akuyarsa. Mutumin da ya yarda da garkuwarsa zai tsaya, ko da ta banza ce. Ni tsayuwar nan nake bukata, har barade su zagayo ta baya."

Nomau ya ce, "Su tsaya su mutu ke nan."

Madawaki ya ce, "Su tsaya."

Nomau ya ce, "Garkuwoyin baradenka fa? Ka jiƙa su ka gani?"

 Madugu ne ya amsa, cikin fara'a, "Na fada ai da hannuna nake zaɓa."

Nomau ya sake faɗuwa, goshinsa a ƙasa. Ya ce, "Zaki, uban marayu, ba don ɗana kaɗai nake faɗa ba, ko da yake ba zan ɓoye ba, ɗana yana ciki. Mutanen nan ba su da inda za su saya sai wuri ɗaya, kai ka ce haka. Ba su da ikon gwadawa, kai ka ɗauke. To in wanda ya hana su zaɓi bai tsaya musu ba, wa zai tsaya? In Madugu ya fi ƙarfin tsugunawa, ya aiko ɗansa. In ya tabbata da kayansa, me zai ji tsoro?"

Dogarai suka daka tsawa, "Hattara, Sarkin Kasuwa!"

Sarki Ranau ya ɗaga hannu. Tsoho ne, kuma da ganin fuskarsa ya gaji. Ya ce, "Mun ji Sarkin Kasuwa, mun san ba ya ƙarya. Mun ji Madugu, mun san amfaninsa. Za a binciki maganar nan bayan yaƙi. Kafin nan, duk wanda ya ambace ta a wajen ɗakin nan ya taimaki Zangari, kuma hukuncin mai taimakon abokan gaba za a yi masa, shi da gidansa. A bar garkuwar nan a fada."

Aka ce, "Sarki ya yi gaskiya." Nomau ya fito hannu wofi.

Da la'asar ya kira Anaruwa zaure. Ya sauko da tsohuwar garkuwar mahaifinsa daga rataye, ta warwaji ta gaske, ta yi baƙi don hayaƙi. Ya karya dokar sarki a cikin gidansa, ya faɗa wa ɗan komai.

Anaruwa ya juya ta a hannu ya ce, "Baba, ka san yadda muke tsayawa? Kafaɗa da kafaɗa muke jerawa, garkuwa ta hau kan garkuwa. Tawa rabin jikina take rufewa, da rabin jikin na hagu da ni. Ɗaya rabin nawa, na dama da ni ke rufe shi. In tasa ta huje, na huje."

"Ka riƙe ta dai."

"Zan riƙe. Amma in sun tambaye ni me ya sa ɗan Sarkin Kasuwa ya ajiye sabuwa ya ɗauko ta kakansa, me zan ce?"

"Ka ce tsohonka ya rikice, camfi gare shi." Nomau ya matso ya rage murya. "Ko ka bi hanyar kudu, wurin kawunka. In ce ciwo ya kama ka."

Anaruwa ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. "Baba, kai da ka hana ni ƙara ruwa a nono ina yaro? In na gudu, kai za su ɗauka a madadina, da wannan gwiwar taka. Ka kula mini da mai cikin nan kawai. In namiji ne, kada ka bari a sa masa sunan Madugu."

Duk wanda ya haifa ya san abin da Nomau ya ji a ransa. Ranar fita ya tsaya a ƙofar gari yana kallon dakaru suna wucewa, fararen garkuwoyinsu suna ƙyalli a rana, iyaye mata suna guɗa. Bakinsa ya buɗe zai yi ihu. Ya tuna hukuncin da aka ce za a yi wa gidansa, ya tuna mai cikin, ya rufe bakin. Can gabas hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Tsofaffi suka ce alamar albarka ce.

Kwanaki suka shuɗe ba labari, ruwa kuwa bai ɗauke ba. Rannan da rana tsaka wani manzo ya shigo a kan doki mai ɗingishi, laka har wuyansa. Aka tara majalisa, Nomau yana daga baya.

Manzo ya faɗi ya ce, "Zaki, Madawaki yana gaisuwa. Mun haɗu da su a fadamar bakin kogi, ruwa na zuba. Dakaru suka jeru yadda aka umarce su. Kafin a fara, garkuwoyi sun jiƙe sun yi laushi, farin yana bin hannuwan mutane. Maharban Zangari suka saki na farko, sahun gaba ya zube kamar an sa lauje a ciyawa. Na baya suka matso suka cike gurbi. Aka sake saki, suka zube. Ranka ya daɗe, ba su gudu ba. Sun tsaya suna jiran barade. Barade kuwa dawakansu sun nutse a laka, ba su zagayo ba har aka gama. Madawaki ya janye da mahaya, sun tsira kusan duka. Dakaru, wanda bai mutu ba an ɗaure shi."

Birni ya ɗauki kuka. Tsirarun da suka tsere suka dawo da raunuka da labarin farin ruwa, magana ta bazu unguwa-unguwa. Mata suka fara taruwa a ƙofar gidan Madugu suna jifa. Aka sake buga tambari, don Zangari na shirin matsowa, aka ce kowane gida ya ba da namiji na biyu. Amma rumfar garkuwa ta zauna ba mai saye.

A cikin wannan hali Madugu Cindo ya zo gidan Nomau da kansa, ba bara, ba maroƙi. Ya zauna a kan buzu ya yi ta'aziyyar gari.

Sannan ya ce, "Ɗanka yana da rai."

Nomau ya ce, "Wa ya gan shi?"

"Mutanena suna shiga Zangari, ciniki ba ruwansa da yaƙi. Sun gan shi a cikin kamammu, kibiya ta same shi a cinya, amma yana cin abinci. Ya ce a tambaye ka ko an sauka lafiya."

Nomau ya ce da ƙyar, "An sauka. Namiji."

"Barka. To, ayarin bayi zai tashi arewa in wata ya tsaya. Mai rauni a ƙafa ba ya ƙetare hamada, ka sani, na sani. Ni kaɗai ke iya fito da shi, kuma ba na son ko wuri ɗaya daga hannunka."

"Me kake so?"

"Ranar kasuwa ka hau dutsen shela. Ka ce ka gwada garkuwoyin gidana da hannunka, ka same su lafiya. Ka ce dakaru ne suka tsorata suka juya baya, kibiya ta same su ta inda ba garkuwa. In ni na faɗa, jifa za su ƙara. In fada ta faɗa, za su yi shiru su ƙi saye. Kai kaɗai suke yarda da shi."

Nomau ya ce, "Sun tsaya, Cindo. Ka ji manzo. Yaran nan sun tsaya."

"Sun tsaya, sun kuma mutu. Maganarka ba za ta tashe su ba."

"Sababbin fa? Waɗanda ke rumfar yanzu?"

Madugu ya kakkaɓe rigarsa ya miƙe. "Warwaji ya yi wuya a hamada, Sarkin Kasuwa. Ba ni na halicce shi ba." Da ya kai bakin zaure ya juyo. "Sarki ya san na zo. Ya ce in gaishe ka."

Nomau ya je wurin Madawaki, aka ce ba ya jin daɗi. Ya je wurin Galadima, aka ce ya shiga ciki. Ya dawo gida ya tarar da surukarsa zaune da jariri a cinya. Ta ɗago ta dube shi, don ta ji abin da aka faɗa a zaure.

Ranar kasuwa aka buga ganga. Mutane suka bar rumfunansu suka taru, da yawansu da takaba. Nomau ya hau dutsen shela. Ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, bai rage ba, bai ƙara ba. Muryarsa ta kai har rumfar mahauta. Wani gurgu daga cikin waɗanda suka tsere ya ɗaga sanda ya ce, "Ƙarya ne! Ina wurin!" Dogarai suka ja shi waje. Sauran jama'a suka tsaya suna kallon juna. Wani tsoho ya ce, "To, tunda Nomau ne ya faɗa." Ya sunkuyar da kai don kunyar ɗansa da ya mutu.

Da ya sauko, wata mace ta tare shi. Tarana ce, mai sayar da daddawa, wadda shekara da shekaru yake raba ta faɗa da maƙwabtan rumfarta. Babban ɗanta ya kwanta a fadamar nan. Tana riƙe da igiyar tunkiya, ƙanen mamacin yana tsaye a bayanta, gemu bai gama fito masa ba.

Ta ce, "Sarkin Kasuwa, ni ban san fada ba, ban san Madugu ba, kai na sani. Wannan ita ce dabbar da ta rage mini, wannan shi ne ɗan da ya rage mini. Ka dube ni ka faɗa mini. In saya masa?"

Nomau ya ɗaga kai. Can a inuwar rumfar garkuwa, baran Madugu yana tsaye yana kallonsa, raƙumin da za a aika Zangari yana durƙushe a gefensa, an riga an ɗaura masa sirdi.

Ya ce, "Ki saya."

Tarana ta ce, "Allah ya saka maka da alheri." Ta ja tunkiyarta ta nufi rumfar, mutane suka bi bayanta.